Wankin mota ba ruwa, bokiti ɗaya, ko wurin masu inji: wanne ne ke cin fenti?

Duk mai baƙar mota a Kano, Sakkwato ko Maiduguri ya san abin da hazo ke yi mata: a wanke ta da yamma, gari na wayewa ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari. Ga ruwa sai an tare 'yan ga-ruwa, ga layi a wurin wanki, musamman safiyar Juma'a da jajiberin sallah. Wannan ne ya buɗe wa kwalaben feshin nan kasuwa, waɗanda ake cewa da su ana wanke mota tas ba a ɗebo ko moɗa ɗaya ta ruwa ba. Mai saye kuma kafin ya ciro kuɗi tambayarsa ɗaya ce: goge ƙura ba a ɗauraye ba, ashe ba karce fenti zai yi ba?

Zai iya. A hannun yawancin masu gwada shi karon farko ma yana karcewa ɗin, domin tsumma ɗaya suke ɗauka su zagaye mota da shi. Amma idan ƙurar ba ta yi nauyi ba, tawul kuma akwai su da yawa, feshin ya fi busasshen tsumman da direbobi ke kaɗe mota da shi kowace safiya nesa ba kusa ba, ya kuma fi wankin da ake yi da soso ɗaya tun daga taya har rufi. Inda yake gazawa shi ne gaban yashi da laka. Tsakaninsa da wankin tiyo kuma akwai hanya ta uku, ta bokiti ɗaya, wadda ba a cika sani ba, alhali ita ce ta fi dacewa da galibin masu mota a wannan yanki namu.

Abin da ke cin fenti

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A jikin ƙarfe akwai rigakafin tsatsa da firaima, sai launi, sai wani shafi marar launi a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Duka kaurinsu yadda suka fito daga kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 150, kiliyar kaɗai kuma ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato silin gashin kai ɗaya ya fi kiliyar nan kauri. Ita ce sheƙin motar, ita ce kuma ke tare zafin rana kada ya koɗar da launi.

A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, kwatz kuwa, farin dutsen nan da yawancin yashi ke fitowa daga jikinsa, yana kan 7. Kiliya ta fi kusa da farce. Leƙa ramin da ke bayan mariƙin ƙofar direba ka gani: zanen da ya cika wurin farce ne kawai ya yi shi. To abin da farce ke zanawa, ina ga ƙwayar yashin da ta fi gilashi tauri?

Ƙurar hunturu, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta har nan. Kafin ta iso manyan ƙwayoyin sun zube a hanya, abin da ke sauka kan mota laushi gare shi kamar hoda. Sai dai laushin a yatsa ne kawai, asalinta silika ce, 'yar gidan su yashi. Idan tana zaune ba ta komai. Sai an danne ta an ja ta a kan fenti take komawa samfefa mai laushi. Dattin hanya kuwa ya fi ta mugunta: jar ƙasar hanyar burji, yashin da tayar gaba ke watsa wa ƙasan ƙofofi, da baƙin garin birki mai ɓurɓushin ƙarfe da ke manne wa rim.

Saboda haka abu uku ke haɗuwa su ba da karce: girman ƙwayar, ƙarfin da aka danna ta, da rashin santsi tsakaninta da fenti. Da waɗannan ukun ya kamata a auna kowace hanyar wanki.

Zanen nan mai kama da saƙar gizo-gizo da ake gani a jikin baƙar mota cikin rana, ba wai lallai an goge ta da zagaye ba ne. Dubban ƙananan karce ne da suka kwanta ta kowace fuska, hasken rana ya kama waɗanda suka dace da shi, sai ido ya ga zobe. Ana cire su da injin folish, amma kowane folish yana cinye maikiron 2 zuwa 5 na kiliyar, kuma ba ta tsirowa. Motocin Kwatano da kake gani rufinsu da bonet suna ɗayewa fari-fari kamar saɓar maciji, kiliyarsu ce ta ƙare, daga nan kuma sai dai sabon fenti.

Feshin da ba ya buƙatar ruwa

Abin da ke cikin kwalbar yawancinsa ruwa ne, aka haɗa shi da sinadaran da ke saki datti, da masu santsi da ke lulluɓe ƙwayar ƙura, sau da yawa har da kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Kamfanoni irin su Meguiar's, Turtle Wax da Chemical Guys duk suna yin sa. A karanta jikin kwalba da kyau, domin a kanta ɗaya ake jera shi da feshin ƙara sheƙi, wanda aka yi don motar da aka riga aka wanke, santsinsa bai kai ya ɗauki ƙura ba. Feshin dashbod kuma kada ya kusanci fenti ko kaɗan: maiƙo yake bari, ƙurar gobe ta manne a kai.

Feshin yana rage matsala ta uku, wato rashin santsi. Ba ya kawar da dattin daga jikin mota. Duk ƙurar da ke kan motar a cikin tawul za ta ƙare, don haka tawul ɗin ne ainihin injin wankin. Maikirofaiba ake nufi, saƙar foliyesta da foliyamaid mai zare siriri wanda ke haɗiye ƙwayar ƙura ya ɓoye ta cikin gashinsa. Tsohuwar singileti da tawul ɗin wanka ba su da wurin ɓoyewa, a samansu ƙwayar take zama. A nemi mai faɗin santimita 40 da 40, mai nauyin giram 350 zuwa 500 a kowace murabba'in mita, mai dogon gashi, marar ɗinkin baki mai tauri, a kuma cire 'yar takardar da ke jikinsa. Araha ba ta ado a nan: siraran nan da ake sayarwa a danja sun dace da dashbod da rim ne kawai. Mai shakka ya goga tawul ɗin a bayan tsohon faifan CD, in ya zana faifan to zai zana mota.

Mota kamar Corolla ko Accord tana buƙatar tawul 6 zuwa 8, jif kuma 10. Ana ninka kowanne sau biyu ya koma gida huɗu, sai ya ba da fuska 8 masu tsabta. Feshin da za ta sha ya kama mililita 150 zuwa 250, wato kwalba mai kusan mililita 750 wanki uku zuwa biyar za ta yi. Wanda kwalba ɗaya ta yi masa wanki goma, to rowar feshi yake yi, fentinsa ne ke biyan cikon.

Kafin a fara, a gwada dattin a gilashin baya, ba a jikin fenti ba. Ja yatsa ɗaya. Idan ƙurar ta taso kamar hoda, gilashin ya fito fes a ƙarƙashi, ana iya yi. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, ko ƙurar ta daskare ta bar dafi-dafi saboda raɓa ko yayyafi ya taɓa ta, ajiye kwalbar. Af, yaran unguwa da ke rubuta "a wanke ni" da yatsa a jikin but, rubutun nan yakan zauna a kiliya ko bayan wanki, sai a hana su da lalama.

A yi aikin a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar. Ɗora bayan hannunka a bonet, in ba za ka iya barinsa a kai ba to bai yi ba. Baƙar mota a ranar Afrilu jikinta na iya wuce digiri 70, feshin zai bushe kafin tawul ya iso, santsin ya tafi ya bar ƙura da kaki a manne. A hunturu ma, duk da sanyi, iskar a bushe take ƙwarai, don haka a rage faɗin wurin da ake fesawa.

Daga rufi ake farawa. Fesa wuri kamar rabin mita da rabin mita har ya jiƙe sharkaf, ka ɗan fesa wa tawul ɗin ma, ka jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Shimfiɗa tawul, ka ja shi miƙe ta fuska ɗaya, kana ɗan murza hannu yadda bakin gaba zai riƙa ɗagawa sama, dattin da ya kwaso kada ya koma ƙarƙashi. Nauyin hannu kaɗai ya isa. Ja ɗaya ko biyu, a duba tawul, in ya yi ja a sauya fuska. Kada a je a dawo kamar mai guga, domin dawowar ce ke mayar da ƙurar kan wurin da aka share. Sai a bi da busasshen tawul na biyu a share ragowar a hankali. Daga rufi sai gilasai, bonet, but, saman ƙofofi. Kashi ɗaya cikin uku na ƙasan mota da bamba su ne ƙarshe, da tawul na daban. Rim ma nasu daban, mai wani launi don kada a ruɗe. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar, ko da kuwa yanzu aka ɗauko shi.

Kashin tsuntsu da ɗigon 'ya'yan darbejiya, nan feshin ya fi komai amfani. Kashin tsuntsu yana cin kiliya, zafin rana kuma yana hanzarta cin, sannan yakan ƙunshi tsakuwa. A fesa masa sosai, a ɗora jiƙaƙƙen tawul minti biyu ko uku, a ɗauke shi sama, kada a murza. Ko wanda bai yarda da wankin ba ruwa ba, ya ajiye ƙaramar kwalba da tawul biyu a cikin leda a but saboda wannan.

Yadda za ka gane ko ya karce

Mutane da yawa suna gwada feshin su ga mota na walƙiya su ce ai ba ya komai. Gwajin bai cika ba. Kakin da ke cikinsa yana cike ƙananan karce ya ɓoye su, sai bayan 'yan makonni ko wankin omo ɗaya su bayyana. Wanda ke son gaskiya ya yi haka: ranar da aka wanke motar da ruwa, ya zaɓi murfin but, ya goge shi da sifirit na kyamis kashi 1 cikin ruwa kashi 4 don cire tsohon kaki, ya haska tocilar waya a kai cikin duhu ya ɗauki hoto. Ya raba murfin biyu da salatif ɗin takarda irin na masu fenti. Gefe ɗaya ya riƙa yi da feshi, ɗayan da hanyar da ya saba. Bayan wanki biyar ya sake cire kakin da sifirit ya haska daga kusurwar da ya haska da farko. Banda motar da bai daɗe da yi wa sabon fenti ba, sifirit bai dace da ɗanyen fenti ba.

Abin da akan gani shi ne, a farar mota ko ruwan toka, da ƙura marar nauyi da tawul wadatattu, da wuya ido ya kama bambanci. A baƙa ko shuɗi mai duhu, ɗan hazo-hazo yakan taru sannu a hankali ko hannun ya iya. Masu folish sun san kiliyar yawancin motocin Japan, musamman Honda, ta fi ta motocin Jamus laushi, baƙin robar nan mai sheƙi da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya kuwa ta fi kowa saurin zanuwa. Idan an ga karce, a jiƙa shi. In ya ɓace da ruwa, a cikin kiliya yake, folish zai cire. In farce na maƙalewa a ciki ya yi zurfi, kada a bi shi da inji, garin gyaran gira a rasa ido.

Bokiti ɗaya ba ɗauraya

Wannan hanyar da ruwa ake yin ta, amma kaɗan, kuma ba a ɗauraya. Ana zuba wani sinadari mai kauri a ruwa, wanda ba ya kumfa kuma ba ya barin dafin sabulu. Wanda ya fi suna shi ne Optimum No Rinse, ma'auninsa kashi 1 cikin 256, wato mililita 30 a ruwa kusan lita 8. Da wannan lissafin kwalbar da ta kusa lita ɗaya tana yin wanki wajen 30, inda kwalbar feshi ke yin huɗu. Farashi yana bin dala, amma wannan tazarar ba ta sauyawa: raba kuɗin kwalba da yawan wankin da za ta yi, za ka ga bokiti ɗaya ya fi feshi sauƙi ninki da yawa.

Ana jiƙa tawul 6 zuwa 8 a cikin bokitin gaba ɗaya. A ɗebi lita 1 ko 2 na haɗin a zuba a ƙaramin famfon feshi na hannu, a fara jiƙe ɓangaren da za a wanke. Sai a ciro tawul ɗaya yana ɗiga, a ja shi kamar yadda aka bayyana a sama, a bi da busasshe. Tawul ɗin da ya ƙare fuskokinsa ba ya komawa bokiti, gefe ake jefa shi, don haka ruwan yana nan da tsabtarsa har a gama. Fifikonsa a kan feshi a fili yake: ruwan da ke hawa jikin motar ya ninka sau talatin ko fiye, ƙurar tana gangarowa da kanta kafin tawul ya taɓa ta.

Idan ƙurar ta yi kwana huɗu ko biyar, akwai dabarar da ke ƙara masa ƙarfi. Injin feshin manoma na goyo, mai lita 16, yana iya kakkaɓe yashin ƙasan ƙofofi da bayan taya da ruwa lita 5 kacal. Sabo za a saya a keɓe shi don mota, wanda ya taɓa shan maganin ciyawa ko na ƙwari kada ya zo kusa. Da injin da bokitin, jarka ɗaya mai lita 25 ta wanke mota har da ragowar wanke tawul. Mai zaman haya da ba shi da wurin da ruwa zai bi, ko wanda ke ajiye mota a farfajiyar ofis, wannan ta ishe shi kusan duk rani.

Tiyo da bokiti biyu

In dai ruwa na nan, babu hanyar da ta kai wannan kare fenti, saboda dalili ɗaya: ɗaurayar farko tana zubar da mafi yawan yashin kafin hannu ya taɓa motar. Bokiti ɗaya na shamfu, ɗaya na ruwa zalla inda ake ɗauraye safar wanki kafin ta koma cikin kumfa, da ragar roba a gindinsa don yashi ya kwanta ƙasa. Da jarkoki za a ci biyu zuwa uku. Tiyo kuwa in an sake shi yana zuba, lita 10 zuwa 15 yake fitarwa a minti, cikin minti goma an wuce lita 100.

Abu biyu ke ɓata wannan wankin a gidajenmu. Na farko omo: yana wanke kakin da ke kare fenti, yana busar da robobin gilashi, garinsa da bai narke ba kuma yana gurzar kiliya. Shamfun mota ake so, a ma'aunin da ke jikin kwalbarsa. Masu ɗiga kananzir a bokiti don sheƙi ma su bari, amfaninsa cire ɗigon kwalta ne a wuri ɗaya, a wanke wurin nan take. Na biyu ruwan burtsatse ko rijiya mai gishirin ƙasa: in ya bushe a kan mota mai zafi yana barin fararen ɗigo, wani lokaci har su ci kiliya. A tsane motar kafin rana ta tsane ta. Sabon ɗigo yana fita da ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a ɗauraye bayan nan.

Wurin masu inji

Bayan tafiyar ƙauye da damina, ko motar da ta kutsa taɓo, babu zancen feshi ko bokiti ɗaya. Lakar da ta daskare a cikin madigadi da ƙarƙashin mota tana riƙe danshi ta jawo tsatsa, injin matsi ne kaɗai ke kai mata. A nan masu wanki sun fi kowa.

Matsalar tana farawa ne idan an ajiye bindigar ruwan. A wurare da yawa bokiti ɗaya ne, soso ɗaya ne, shi ya wanke rim ɗin motar da ta gabata, shi zai hau bonet ɗinka. Tawul ɗin tsanewa a kafaɗa yake ko a kan bulo. Mota tana iya fita daga irin wannan wurin da karce fiye da wanda feshi zai yi mata a wanki goma. Gyaran ba shi da wuya: ka zo da safar wankinka da tawul biyu da shamfunka, ka tsaya a wurin. "Malam, don Allah a fara fesa ta sosai kafin a sa hannu, wannan na jiki ne, tayoyi kuma a yi su da naku." Yawancinsu ba sa ƙi, musamman in an ɗan ƙara musu na goro. A kula da bakin bindigar kada ya matso ƙasa da santimita 30, balle a ɓangaren da fanel bita ya taɓa sa wa fila, ko inda fenti ya riga ya fashe, domin ruwan zai shiga ƙarƙashi ya ɗaye shi. Wankin injin motar kansa da matsi kuma a rage shi, ruwa na shiga kwayil, altaneta da akwatin fis, mota ta fito tana shessheka.

To wanne za a ɗauka?

Ya danganta da lokaci da inda motar ke kwana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, motar da ke bin kwalta, tana kwana a rumfa, ƙurarta ta kwana ɗaya ko biyu ce: feshi ya wadatar, bokiti ɗaya ya fi. Daga Maris zuwa farkon damina, lokacin da guguwa ke tashi da yashi, ruwan farko kuma ya sauko da jar ƙura ya bushe a jikin mota, a fara ɗaurayewa ko da da injin goyo ne. Da damina sosai, tiyo ko masu inji. Wanda gidansa ke kan hanyar da ba kwalta, feshi ba nasa ba ne a kowane lokaci, sai dai na kashin tsuntsu.

Mai baƙar mota da ke jin ciwon kowane zane ya tsaya kan bokiti biyu, ya cike tsakani da bokiti ɗaya. Mai farar mota ko ruwan toka yana da sarari. Motar da aka yi wa sabon fenti a gareji, a ba ta wata ɗaya zuwa uku ana wanke ta da ruwa da shamfu kawai, domin fentin bai gama tauri ba, kaki kuma yana hana shi fitar da sauran tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Fenti marar sheƙi ko mota mai lulluɓin leda marar ƙyalli, feshi mai kaki yana yi musu dabbare-dabbare. Wanda kuma direba ke kula masa da mota, babban abin da zai yi wa fentinsa shi ne ya karɓe busasshen tsumman nan da burushin gashi, ya ba shi bokiti da tawul takwas, ya nuna masa ninkin sau ɗaya. In ba za a samu wannan ba, gara motar ta wuni da ƙurarta, a goge gilasai da fitilu kawai.

Ko wacce aka ɗauka, kakin mota ko makamancinsa duk bayan wata biyu zuwa uku yana sa ƙura ta rage kamawa, tawul ya riƙa zamewa.

Sannan a sani, wankin ba ruwa ma yana cin ruwa, a baho yake cinsa. Tawul takwas masu ƙura suna buƙatar aƙalla lita 10 kafin su koma aiki, kuma tawul ɗin da ba a wanke da kyau ba shi ne samfefar wanki na gaba. A jiƙa su da zarar an gama, kafin kaki ya bushe a ciki. A wanke su su kaɗai da sabulun ruwa kaɗan, kada a haɗa da kayan auduga, domin suna kwasar zare. Banda bilic, banda ruwan tausasa tufafi, wanda ke toshe gashin ya hana shi tsotsa. Ruwa mai ɗumi ya isa, tafasasshe da dutsen guga suna ƙona zaren ya yi tauri. Na rim a wanke su a ruwa daban. Shanya kuma a cikin ɗaki ko baranda mai rufi, domin tawul ɗin da ya wuni a igiyar tsakar gida da hunturu ya riga ya cika da ƙurar da aka wanke shi dominta. In sun bushe a ɗaga kowanne a haske a tsince ƙaiƙayi ko tsakuwar da ta maƙale, a sa su a leda ko roba mai murfi. Wanda gashinsa ya kwanta ya fara kaushi a tafin hannu, a mayar da shi na taya.